Sifilit, VRF ko cila: wace hanyar sanyaya gini ta dace da rukunin shagunanka?

A garuruwanmu na Arewa, idan ɗan kasuwa ya tashi gina filaza ko katafaren rukunin shaguna, abin da yake ƙirgawa shi ne bulo da rodi da siminti da tayil. Maganar wuta da ruwa da iska da sanyi sai an ɗora rufi ake tuna ta, a kira mai AC a ce ya zo ya duba inda zai rataya kayansa. Bulo kuwa sau ɗaya ake biyan kuɗinsa. Na'urar sanyaya gini kullum sai ta ci, daga ranar da aka buɗe ƙofa har ranar da aka kwance ta, kuma a ginin kasuwanci da ake sanyayawa a yanayi irin namu, ita ce ke lashe kaso mafi tsoka na kuɗin wuta, sau da yawa rabi ko fiye.

A da ana iya kawar da kai. Tun daga Afrilun 2024, da hukumar kula da harkar wutar lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta sa'o'i masu yawa, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, kafin daga baya a ɗan sassauta zuwa naira 200 da 'yan kai, kawar da kai ya zama asara. Na janareta ya fi haka ciwo. Injin dizal mai lafiya yana shan kusan lita 3 kafin ya ba da yunit 10, wato in lita tana naira 1,300, yunit ɗaya ya doshi naira 400 tun ba a sa kuɗin juye da na gyara ba. Kuma ba wanda ya manta Oktoban 2024, da yawancin jihohin Arewa suka shafe sama da mako guda ba wuta bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Duk na'urar da za ka zaɓa, ka ƙaddara wani lokaci janareta ne zai ɗauke ta kwana da kwanaki.

Hanyoyin da ke gaban mai gini uku ne: kowane shago da nasa sifilit, wato AC mai na'ura a ɗaki da inji a waje, ko tsarin VRF, inda babban injin waje ke ciyar da na'urorin ɗakuna da yawa, ko babban injin sanyaya ruwa da ake kira cila. Amma kafin a kai ga su akwai tambayar da ta fi su nauyi.

Nawa ne zafin da za a fitar?

AC mai doki ɗaya da rabi da muka saba gani a gidaje yana fitar da zafi kimanin kilowat 3.5, abin da injiniyoyi ke kira tan ɗaya. Girman injin da za ka saya ya dogara ne kan yawan zafin da ka bari ya shigo, kuma mafi yawansa daga sama yake zuwa. Da rana tsaka a watan Afrilu, kowane murabba'in mita na rufi yana karɓar zafin rana da ya kusa wat 1,000. Rufi mai faɗin murabba'in mita 3,000 ke nan yana karɓar kilowat kusan 3,000. In kwano ne mai duhu, ba abin tare zafi a ƙarƙashinsa sai silin, rabo mai yawa zai sauko kan 'yan bene na sama, kuma su ne za ka ji kullum suna kukan AC ba ya sanyi. Farin kwano da shimfiɗar abin tare zafi a ƙarƙashi kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da tan ɗin injin da za su rage maka.

Sai gilashi. Yanzu ya zama ado a lulluɓe fuskar gini da gilashi daga ƙasa har sama, an ɗauko fasalin ƙasashen da ke neman rana ruwa a jallo. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, rana a saman kai take bi, don haka bangon kudu da na arewa ɗan baranda ko rumfa ya isa ya yi musu inuwa. Gabas da yamma ne matsala, musamman yamma, domin ranar la'asar a kwance take shigowa daidai lokacin da iskar waje ta fi zafi kuma masu saye suka fara cika. Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 ta ce tagogi kada su wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai an yi musu inuwa, ta kuma wajabta tare zafin rufi. Don gidaje da ofisoshi aka rubuta ta, amma hujjarta ta fi ƙarfi ma a kan shaguna.

Fitila ma zafi ce. Duk wat ɗin da ƙwai ya ci, a ƙarshe zafi yake zama a cikin ɗaki, sai AC ya sake cin wuta ya fitar da shi. Masu shagon gwal da atamfa suna son haske mai ƙarfi, kuma suna da gaskiya, sai dai ƙwan LED yana ba da hasken da halojin ke bayarwa da kashi ɗaya cikin biyar na wutar ko ƙasa da haka. Ƙofar shiga kuma a yi ta ninki biyu da ɗan zaure a tsakani, don kada duk wanda ya shigo ya shigo da iskar titi.

Ana yawan kawo misalin ginin Eastgate na birnin Harare, wanda Mick Pearce ya zana aka buɗe a 1996, shaguna da ofisoshi da ake sanyayawa ta hanyar jawo iskar dare ta ratsa kankare. Aiki ne mai kyau ƙwarai, amma Harare tana kan tudu mai tsayin mita kusan 1,500, darenta da sanyi. A Kano ko Sakkwato dabarar za ta yi aiki da hunturu. Da bazara, da dare ma iska zafi take busawa, dole sai inji.

Sifilit: kowa da nasa

Wannan shi ne abin da kusan kowace filaza ke yi, kuma ba don wauta ba. Shi ya fi araha wajen saye. Mai gyaransa yana kowace unguwa, kayan gyaransa suna kasuwar Sabon Gari ta Kano. In na shago ɗaya ya lalace, maƙwabci bai ma sani ba. Babban alherinsa kuma shi ne kowa yana biyan abin da ya sha ta mitarsa, don haka mai shago da kansa yake kashewa in zai tafi masallaci. Babu wata na'ura mai ƙwaƙwalwa da ta kai wannan tsimi.

Illarsa tana fitowa ne idan aka bar kowa ya yi yadda ya ga dama. Zaga bayan filaza mai shago 60 ka gani: injinan waje a jere a wani lungu mai faɗin mita ɗaya da rabi, wani a saman wani, na ƙasa yana hura wa na sama iska mai zafi, na gefe yana zuƙar ta wanda ke fuskantarsa. Bango ya yi baƙi da ɗigar ruwa, wayoyi sun sarƙe. Iskar gari tana digiri 41, amma wadda injin ke shaƙa a lungun ta haura 50. Yawancin AC ɗin kasuwa an auna ƙarfinsu ne a kan zafin waje digiri 35, ajin da ake rubuta wa T1. Da zafi ya wuce nan sanyinsu yana raguwa, cin wutarsu yana ƙaruwa, wani lokaci kwamfireso ya yanke da kansa. Akwai ajin T3 da ake gwadawa a digiri 46, irin wanda ake kaiwa ƙasashen Larabawa, kuma shi ya dace da mu. Ɗan haya kuwa mafi araha zai saya, wani ma na hannu mai tsohon gas R22, wanda yarjejeniyar Montreal ta tanadi a kusan gama daina shigo da shi ƙasashe irin namu nan da 2030.

Ga kuma abin da janareta ke sha. AC marar inbata, wato wanda injinsa ba ya sauya gudu, yana fizgar wuta ninki da yawa a daidai lokacin tashi. In an ɗauke wuta aka tada inji, guda hamsin suka nemi tashi lokaci guda, ko dai injin ya durƙushe ko kuma tun farko an sayi wanda ya fi buƙata girma, yana shan mai a banza sauran yini. Sannan sifilit ba ya shigo da sabuwar iska, ta cikin ɗakin yake juyawa. A shago mai mutum uku da ƙofa ke buɗuwa kowane minti ba damuwa. A babban kanti ko sinima, mutane za su fara hamma da ciwon kai ba su san dalili ba.

Duk waɗannan ana maganinsu ba tare da an bar sifilit ba, in mai gini ya riƙe ragamar. A zana wa injinan waje mazauni tun a takarda, a inuwa, inda iska ke ratsawa. A ja bututun ɗigar ruwa guda ɗaya a cikin bango. A rubuta a yarjejeniyar haya cewa ba a ɗaura AC sai mai inbata, ajin T3, mai gas R32 ko R410A. Mafi kyau ma mai ginin ya sayo iri ɗaya gaba ɗaya ya saka kuɗin a haya.

VRF: mai tsimi, mai son kulawa

Kamfanin Daikin na Japan ne ya fito da wannan tsari a 1982, yanzu manyan kamfanonin AC duk suna yi. Babban injin waje ɗaya, ko biyu zuwa uku a haɗe, yana ciyar da na'urorin ciki masu yawa ta bututun jan ƙarfe, yana ƙara gudu ko ragewa gwargwadon shagunan da ke neman sanyi a lokacin. A nan ƙarfinsa yake. Rukunin shaguna ba ya cika buƙatar sanyi ɗari bisa ɗari sai 'yan sa'o'i a 'yan watanni. Sauran lokaci rabi ne ko ƙasa, kuma a rabin aiki VRF yana da wuyar kayarwa wajen tsimi. Ba ya son ɗakin inji, ba ya shan ruwa, yana tashi a hankali ba ya girgiza janareta, fuskar gini kuma ta tsira daga tarkace.

Sai dai ni ina ɗari-ɗari da yadda ake tallata shi a nan, kamar sifilit ne da ya girma. Ingancinsa rabi a masana'anta yake, rabi a hannun wanda ya haɗa. Bututun na iya kai ɗaruruwan mita, da mahaɗa masu yawa, kuma kowace walda sai an yi ta ana hura naitirojin a ciki, in ba haka ba baƙin ƙurar ƙuna zai taru ya toshe ƙananan bawul bayan shekara ɗaya ko biyu. Sai an matsa bututun da iska mai ƙarfi an bar shi kwana guda a ga ko yana yoyo, sai an zuƙe danshi sarai, sai an auna gas da sikeli gwargwadon tsawon bututu. Wanda ya saba ɗaura sifilit uku a yini ba zai yi wannan haƙurin ba sai an tsaya a kansa. In kuwa yoyo ya ɓulla bayan an rufe silin, neman sa aiki ne ja.

Yoyon kuma ba asarar kuɗi kaɗai ba ne. Gas ɗin tsarin gaba ɗaya yana iya tsiyayewa cikin ɗaki ɗaya. Ƙa'idar aminci ta ƙayyade R410A kada ya wuce kimanin giram 420 a kowane kubik mita na ɗakin da mutane ke zama. Ɗan ofis mai mita uku-uku tsawo da faɗi da tsayi, iyakarsa kilo 11 ke nan, alhali tsarin VRF matsakaici yana iya ɗaukar kilo 30. Shi ya sa ake raba gini zuwa tsare-tsare ƙanana masu zaman kansu, kuma a sa na'urar jin yoyo a ƙananan ɗakuna.

Abu na biyu, in ka sayi VRF ka ƙulla da kamfani ɗaya ke nan, domin na'urar cikin wani ba ta magana da injin wajen wani. Allon lantarkinsa ba ya jure wutar da ke hawa da sauka, don haka kuɗin na'urar daidaita wuta da ta kare tsawa da kyakkyawan at, wato wayar da ake binnewa a ƙasa don kariya, suna cikin farashi, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. In allo ya ƙone kuma babu shi a Kano ko Abuja, shaguna 15 za su zauna cikin zafi har ya iso. Kafin ka sa hannu, ka ce dillali ya kai ka gini biyu da ya haɗa shekara biyar da suka wuce, ka yi magana da mai kula da ginin ba a gabansa ba. Rabon kuɗin wuta ma sai an sayi manhajar da ke lissafa abin da kowane shago ya sha, kuma sai 'yan haya sun yarda da lissafinta, abin da ba kullum yake zuwa da sauƙi ba.

Cila: na manya

A nan inji ɗaya ne ke sanyaya ruwa zuwa kimanin digiri 7, famfo ya tura shi ta bututun ƙarfe zuwa ko'ina a ginin, ya ratsa na'urorin hura iska, ya dawo yana kusan digiri 12. Gas yana can wurin inji, ruwa ne kawai ke yawo a saman kawunan jama'a. Manyan na'urorin hura iskar suna shigo da sabuwar iska su tace ta, abin da ke da daraja sosai a lokacin hazo. Bututu da famfo da bawul duk ƙwararren mai aikin ruwa zai iya gyarawa, kuma kana iya haɗa injin wani kamfani da na'urar ciki ta wani. Cila da ake kula da ita tana kai shekara 20 ko fiye, inda sifilit a irin wannan aiki da ƙyar yake haura 10.

Kuɗin farko ne mai nauyi, kuma tana son ma'aikaci na dindindin da ya san abin da yake yi. Tana kuma son a yi tunanin gobe. Rukunin Ado Bayero da ke titin gidan zu a Kano an buɗe shi a 2014, a Janairun 2024 kuma Shoprite ya rufe reshensa da ke ciki. Wannan abu ne da ke iya faruwa da kowane rukuni: babban ɗan haya ya tashi, wuri mafi faɗi ya zauna ba kowa na wani lokaci. Wanda ya sayi ƙatuwar cila guda ɗaya zai riƙa tada ta don ƙananan shaguna. Shi ya sa ba na ba da shawarar inji ɗaya ko da ya fi araha. A sayi biyu ko uku matsakaita, famfunan kuma masu sauya gudu, yadda in ɗaya na gyara kasuwa ba ta tsaya ba.

Cila iri biyu ce, kuma a nan ne aka fi tafka muhawara. Akwai mai zubar da zafinta a iska ta fankoki, ana ajiye ta a rufi ko a fili. Akwai mai zubar da shi a ruwa, ruwan ya hau hasumiya ya sha iska, wani ya tashi tururi, saura ya dawo da sanyi. A takarda ta ruwa ta yi wa ta iska nisa: injin kansa yana iya fitar da kilowat 6 na zafi da kilowat ɗaya na wuta, ta iska kuwa kusan 3. Busasshiyar iskarmu ma tana ƙara mata ƙarfi, domin hasumiya ta fi aiki inda babu danshi.

Mu yi lissafin misali, da alƙaluman da na ɗauka don gwaji kawai. A ce wurin da za a sanyaya murabba'in mita 5,000 ne, buƙatarsa a ƙololuwa tan 250, ana buɗewa sa'a 12, matsakaicin aiki kashi 60 cikin 100. Zafin da za a fitar a yini ya kama kilowat-awa 6,300. Tarin sifilit marasa inbata a lungu mai zafi, in kowane yunit na wuta ya fitar da 2.5, za su ci kimanin yunit 2,500. Cila ta iska, da famfunanta da fankokinta, a ce 2.7, yunit 2,300 da ɗoriya. VRF da aka haɗa da kyau, a ce 3.2, ƙasa kaɗan da yunit 2,000. Cila ta ruwa da duk kayanta, a ce 4.2, yunit 1,500. In gaurayen wutar gwamnati da ta janareta ya tsaya naira 250, tsakanin ta farko da ta ƙarshe akwai kimanin naira 250,000 kowace rana, sama da miliyan 90 a shekara.

To amma ruwan fa? Hasumiya tana shan kusan lita 8 a kowane tan a kowace sa'a, in an haɗa wanda ya tashi tururi da wanda ake zubarwa don kada gishiri ya taru. A misalinmu lita 14,000 ne da 'yan kai kullum, a bazara ya fi haka, daidai lokacin da rijiyoyin burtsatse ke ja da baya. In ruwa ya yanke, sanyi ya yanke. Ruwan burtsatse mai gishiri yana ɗaure bututun inji da farin dutse, tsimin da aka saya da tsada ya riƙa zagwanyewa a hankali. Hasumiya kuma wanke iska take yi, duk ƙurar hunturu a kwaminta take taruwa ta zama taɓo. Ruwa mai ɗumi da aka bari ba magani yana haifar da ƙwayar cutar da ke kama huhu, wadda aka fara ganowa bayan ɓarkewarta a wani otal a Filadelfiya ta Amurka a 1976, inda sama da mutum 200 suka kamu, 34 suka rasu. Duk mai hasumiya dole ya ɗauki nauyin magani da gwajin ruwa ba fashi. Wanda ya san tsarin kula da gininsa bai kai nan ba, ya haƙura da tsimin.

Akwai tsaka-tsaki da nake ganin ya dace da mu ƙwarai: cila ta iska da aka sa wa jiƙaƙƙen labule a gaban fankokinta, ana kunna ruwan a watannin Maris zuwa Mayu kawai, da rana. Iska ta ratsa ta sauka da digiri da yawa kafin ta isa injin. In ruwa ya yanke injin yana ci gaba da aiki, cin wuta ne kawai zai ƙaru.

Wannan dabarar, wadda ita ce ke sanyaya ruwan randa, tana iya ɗaukar farfajiya da hanyoyin cikin gini gaba ɗaya ba tare da kwamfireso ba. Iska mai digiri 40 da danshi kashi 15 cikin 100, in ta ratsa jiƙaƙƙen labule mai kyau, tana fitowa kusan digiri 25, da wutar fanka da ɗan famfo kawai. Daga Nuwamba zuwa Mayu tana aiki a Kano, Katsina, Maraɗi ko Damagaram. A Agusta ba ta da amfani, amma a lokacin garin ya yi sanyi, fanka ta wadatar a hanya. Kada dai a sa ta a shagon waya ko na takarda, kuma dole a bar wa iskar mafita.

Inda sola ta shigo

Rukunin shaguna yana da sa'ar da gida ba shi da ita: lokacin da ya fi buƙatar wuta shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi. Kilowat ɗaya na faifan sola a Arewa yana ba da yunit 4 zuwa 5 a yini, yana cin fili murabba'in mita 5 zuwa 6, yana kuma yi wa rufi inuwa. Rukunin Jabi Lake na Abuja ya ɗora kimanin kilowat 600 a rufinsa, kasuwar Sabon Gari ta Kano ma an kai mata sola tun 2018 ƙarƙashin shirin hukumar samar da wutar karkara, REA. Abin lura shi ne a ƙarfafa rufi tun a zane, a ja famfon wanke faifai domin ƙurar hunturu tana rage musu ƙarfi sosai, a kuma sa na'urar da ke hana sola sauke wa janareta kaya ƙasa da kashi 30 cikin 100, domin injin dizal da ke aiki ba kaya lalacewa yake yi.

Matsalar ita ce bayan magariba, lokacin da iyalai ke fitowa saye. Batir na litiyom zai yi, amma ciyar da AC da batir tsada ne. A nan cila take da wata fa'ida da sauran biyun ba su da ita: ana iya adana sanyin kansa. Da rana, sola tana da rara, a sanyaya ruwa a tara a babban tanki mai rufin tare zafi. Kubik mita ɗaya na ruwa da aka sauke da digiri 7 yana riƙe sanyi kilowat-awa 8. Tanki mai kubik mita 200 ya riƙe 1,600, wanda a misalinmu zai ɗauki kusan sa'a uku na dare da famfo kawai. Tankin kankare ne da magina na gida za su iya yi, kuma ba ya tsufa kamar batir.

To wanne za a ɗauka?

Filaza mai ƙananan shaguna, kowa da ƙofarsa a waje, ko da sun kai ɗari: sifilit mai inbata ajin T3, iri ɗaya, da mita a kowane shago, hanyoyi kuma a bar su a buɗe iska na ratsawa. Sa cila a irin wannan wuri jawo rigimar kuɗin hidima ne kawai. Gini mai hawa uku zuwa biyar, da banki da ofisoshi da shagunan da lokutan buɗewarsu suka bambanta, faɗinsa bai wuce 'yan dubban murabba'in mita ba: VRF, a rarrabe hawa-hawa, da na'urar shigo da sabuwar iska daban, da sharaɗin akwai wakilin kamfanin da ke ajiye kayan gyara a kusa. In babu shi, gara sifilit mai kyau. Rukuni rufaffe mai babban kanti da wurin cin abinci da sinima, buƙatarsa ta haura tan 200 zuwa 300: cila ta iska guda biyu ko uku da jiƙaƙƙen labule, a bar wurin tankin sanyi ko da ba yanzu za a gina ba. Cila ta ruwa kuwa sai wanda ya gwada burtsatsensa a ƙarshen rani ya ga tana ba da ninkin abin da ake buƙata, ya kai ruwan ɗakin gwaji, kuma yana da injiniya a kan albashi. Haɗawa ma halal ne, kuma sau da yawa shi ya fi: cila ga babban kanti da farfajiya, sifilit ga shagunan da ke fuskantar titi. Firji da ɗakin sanyi na masu nama da kifi su kam layinsu daban, domin ba sa barci.

Kowanne aka zaɓa, tun ran gini tun ran zane. Injiniyan wuta da na sanyi su zauna da mai zanen gini kafin a haƙa tushe, domin tsayin silin, ramukan da bututu zai bi, mazaunin taransifoma, hanyar fitar hayaƙin kicin da tankin kashe gobara duk ba a ƙara su daga baya sai da fasa kankare. Ka nemi a ba ka lissafin zafin kowane ɗaki a rubuce, kada ka karɓi ƙiyasin ido, domin mai sayar da inji ba ya asara in ya ƙara maka tan 50. Ka sa kowane ɗan kwangila ya kawo farashin saye tare da ƙiyasin wuta da gyara na shekara 10, a kan zafin waje digiri 43 ba 35 ba. A yarjejeniya kuma a rubuta cewa za a riƙe wani kaso na kuɗinsa har sai na'urar ta ratsa watan Afrilu guda, shaguna a cike, an auna zafin ɗakuna da abin da mita ta nuna an ga sun yi daidai da abin da ya yi alkawari.